Malama Sai-na-gani da Mahaucin da Ke Tsoron Jininsa

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, ita ta riga ta iso. Ta ƙaramar ƙofar baya take shigowa, jaka a kafaɗa, ta wuce ɗakin gwajin jini da ke can ƙurya bayan ɗakin wanki, inda ba mai zuwa sai da dalili. Firij take fara gaisarwa. Ta buɗe, ta duba sanyinsa, ta jujjuya ledojin jini ɗaya bayan ɗaya, sannan ta waiwayo ta ce, "To, ina kwananku?" Ma'aikatanta sun daɗe da haƙura. Sukan ce ai firij ne ɗan gida, su agololi ne.

Malama Sai-na-gani, haka kowa ke kiranta, kuma ita ta saya wa kanta sunan. Ko likitan tiyata ne ya aiko a guje yana neman jini, ba ta sakin leda sai ta ɗaga kwalbar gwaji saitin taga, ta karkata ta a hankali, ta ga da idonta cewa jinin mai bayarwa da na mai karɓa sun zauna lafiya, ba su dunƙule ba. A ce mata, "Malama, an fa riga an duba." Ta ce, "Na ji. Sai na gani." Likitoci nawa suka yi fushi da ita a kan wannan! Su ɗin ne kuma idan matansu za su haihu suke zagayowa a hankali su ce don Allah ita za ta duba.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Na san halin mutane, za a ba ta agogon bango, a yi tafi, kowa ya kama gabansa. Wannan bai isa ba, wallahi bai isa ba. Yabon gwani ya zama dole, musamman gwanin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin da yawancin marasa lafiya ba su ma san da shi ba.

Yawancinmu abin da muka sani game da rukunin jini shi ne A, B, AB da O, sai a ƙara da fozitif ko nagetif, shi ke nan mun zama likitoci. Ita kan yi dariya ta ce waɗannan sunan unguwa ne kawai, kuma a cikin unguwa akwai gidaje, ba kowane gida ke buɗe wa kowa ƙofa ba. A jikin ƙwayar jini akwai alamomi masu yawa da mutum ke gada daga uwa da uba. Abin da ya ja ta ga binciken su kuwa yara masu sikila ne. Tana sabuwar ma'aikaciya ta riƙa ganin ana yi wa yaro ƙarin jini daidai da rukuninsa, amma bayan 'yan kwanaki ya dawo da zazzaɓi, idanu sun yi ɗorawa, jinin da aka ƙara ya narke kamar ba a sa ba. Kowa ya ce ciwon ne haka. Ita ta ce a'a, da walakin.

Daga nan ba ta sake hutawa ba. Ta bi iyayen yaran gida-gida tana roƙon ɗigon jini, na uwa, na uba, na wa da ƙane, tana kwatanta wa ya gaji me daga wa. Ta bi masaƙa, ta bi tashoshi, ta bi makarantun horon malamai. Ta nuna wa abokan aikinta cewa yaron da za a yi ta ƙara wa jini tsawon rayuwa, tilas a duba ƙananan alamomin nan tun daga ledar farko, kafin jikinsa ya koyi faɗa da baƙon jini. Ta rubuta abin da ta gano a mujallun masana, waɗanda a gidanta ma ba mai karantawa sai maigidanta, shi ma barci yake yi a shafi na biyu. Amma yaran sun daina dawowa kamar da, iyayensu kuma shaida ne.

A cikin wannan yawo ne ta ci karo da abin da ya fi ba ta tsoro. Akwai wata alama da kusan kowa ke da ita, sai 'yan tsiraru ƙwarai da aka haifa babu. Irin wannan mutum lafiyarsa ƙalau, yana iya tsufa bai sani ba. Amma da zarar jikinsa ya taɓa haɗuwa da alamar, ta ƙarin jini ko ta goyon ciki, to ya ƙulla gaba da ita, ba zai sake karɓar jinin kowa ba sai na irinsa. Duk shekarun da ta yi tana gwaji, mutum ɗaya tak ta samu mai irin wannan jini a garin, kuma samun nasa bai zo da daɗi ba.

Mahauci ne, ƙato, mai murya kamar ana tuƙa babbar mota, wanda kullum hannunsa cikin jinin shanu yake har gwiwar hannu. Wata rana ta kafa teburinta a tsakiyar layin mahauta tana ɗibar jinin masu sa kai. Ya zo yana tsokanar na gabansa, yana cewa ku matsa maza su wuce. Ta soka allura, jininsa ya fara hawa cikin sirinji, ya leƙa sau ɗaya. Sai ji aka yi rim! Mutum ya zube a gaban yaransa da masu sayen nama da 'yan kallo. Kafin a yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, kasuwa ta riga ta raɗa masa suna Warwas. Da sakamako ya fito ta koma ta yi masa bayanin irin jinin da Allah ya ba shi, ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Malama, in nama kike so ga nama. In jinina ne, na yafe wa kaina shi."

Shekaru suka shuɗe. Sai ga wata mai ɗinki ta zo awon cikinta na uku. Hoton ciki ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare hanya, haihuwa sai ta tiyata, kuma likitan tiyata ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa irin wannan aiki yana zubar da jini, ba zai taɓa ta ba sai da leda a ajiye. Aka kawo jininta ɗakin gwaji. Malama ta haɗa shi da leda ta farko, ya dunƙule. Ta biyu, ya dunƙule. Ta ƙare da duk O ɗin da ke firij, babu wanda jikin matar nan ya yi wa maraba. Wata nas da ke tsaye a wurin ta ce ranar ce kaɗai ta ga Malama ta ajiye kwalba ta zauna ta yi tagumi.

Mijin mai ɗinkin direba ne, mutum mai jama'a da saurin fushi da son matarsa. Washegari ya ciko motarsa da abokan tasha, kowa ya naɗe hannun riga.

"Mama, ga maza nan, ki ɗiba son ranki," in ji shi. "Ki fara da ni. Ni O, ita O, magana ta ƙare."

"Ɗana, zauna tukuna," ta ce. "Naka na cikin waɗanda jikinta ya fi ƙi. 'Ya'yan da ta haifa maka sun gaji alamar daga gare ka, a wurin goyonsu jikinta ya san ta."

Ya miƙe zumbur. "Wato ni na ja mata ke nan?"

"Ba ka ja mata komai ba. Ko wa ta aura haka za a yi, don kusan duk mazan duniya suna da ita. Kawo min waɗanda suke ciki ɗaya da ita, a nan aka fi sa rai."

Ta gwada abokan tasha duka, don kada su ji an raina zuwansu, ba a dace ba. Aka kawo yayyenta maza biyu da ƙanwarta, su ma ba a dace ba. Malama ta sa mai ɗinkin a kan maganin ƙarin jini da abinci mai kyau, da ƙarfinta ya kai aka ɗebi leda guda ta jininta aka ajiye mata. Likitan tiyata ya kalli ledar nan ƙwaya ɗaya ya girgiza kai, ya ce in abin ya ɓaci wannan ba za ta kai ko'ina ba. Ta yi waya asibitocin da ta sani kusa da nesa, kowa ya ce Allah ya sauwaƙe.

Asibiti ba ya riƙe magana. Direban ya ji ƙishin-ƙishin cewa akwai mutum ɗaya a gari mai irin jinin, kuma Malama ta san shi. Ya same ta a ɗakin gwaji, ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, sunansa kawai. Ni zan je. Zan roƙe shi, zan kwanta a ƙofar gidansa."

"In ya ƙi fa?"

"Ai ba zai ƙi ba, mu nawa ne a tasha!"

"To ka ga dalilin da ya sa ba zan faɗa maka ba," in ji ta. "Jini kyauta ne, ba a ƙwatarsa. Duk wanda ya miƙo min hannu na gwada, amana ya ba ni."

Nan ya faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa babba. Ya ce in matarsa ta mutu, ita ta kashe ta. Ta ci gaba da aikinta. Maigidanta ne ya ba da labarin cewa ranar ta dawo gida ta kasa cin abinci, ta ce masa, "Yaron nan fa yana iya yin gaskiya."

Ta koma layin mahauta. Ranar farko ta sayi nama ta kasa buɗe baki. Ta biyu ma haka. Ta yi ta zarya har maigidanta ya ce in binciken nan bai ƙare da wuri ba, haƙoransa za su riga shi ƙarewa. Mahaucin kuwa ya gane sarai abin da ke kawo ta, yana auna mata nama fuska a ɗaure. Ana cikin haka ta ji wani mai tura baro ya ƙwalla wa ɗan mahaucin kira, "Kai, ɗan Warwas!" Ta ga yadda wuƙa ta tsaya a hannun uban. Sai a lokacin ta gane cewa ba allura ce ta raba su ba. Tsoro na daji, kunya na gida, kuma ita ce ta kafa tebur a bainar jama'a ta jawo masa kunyar.

Ta jira kasuwa ta lafa, yana wanke katakon yanka shi kaɗai, ta matsa kusa.

"Malam, ni na ja maka sunan nan. Da na ɗebi jininka a ɗaki, da ba wanda ya gani. Ka yafe min."

Ya ci gaba da gugar katako. Can ya ce, "Har ɗana ya gaje shi."

"Na ji ɗazu. Zan faɗa maka magana ɗaya in tafi, ba kuma zan sake zuwa da ita ba. Akwai mace mai ciki da za a yi wa aiki, jinin kowa bai yi mata ba sai naka. Ba zan gaya maka ko wace ce ba, kamar yadda na ƙi gaya musu ko wane ne kai. In ka ƙi, ba wanda zai san ka ƙi."

"In na sake faɗuwa fa?"

"Za ka faɗi," in ji ta. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma a kan gado za ka faɗi, ƙofa a kulle, ba kowa sai ni."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ita kuma ta cika alkawari, ba ta sake taka kasuwar ba, ko da kwanaki suka yi ta tafiya shiru, ko da mai ɗinkin ta fara ganin ɗigon jini aka kwantar da ita, likitan tiyata ya ce ba za a iya jira ya wuce jibi ba. Jama'a, ku auna wannan. Ta san rumfarsa, tafiyar ba nisa, kalma ɗaya za ta faɗa wa direba a ɗauko mata mutumin a kafaɗa. Ta danne zuciyarta ta zauna a kan maganarta.

Da hantsi washegari aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Ga shi tsaye cikin kayansa na fita kunya, ya sha wanka, gumi na karyo masa kamar wanda aka kira kotu. Ta kulle ƙofa, ta kwantar da shi fuska ga bango, ta rufe ledar da tawul. Ta ce ya koya mata yadda ake gane saniya mai lafiya tun tana tsaye. Ya fara bayani da ƙarfi, a duba hanci, a duba ido, a duba yadda take tuƙa. Yana kan maganar kofato murya ta yi ƙasa, ya suma. Ta ɗaga masa ƙafafu, ta yi masa fifita, leda kuwa ta riga ta cika.

Ya buɗe ido ya ce, "An fara?"

"An gama tun ɗazu."

"Wa ya gani?"

"Ni da firij."

Bayan ya huta ya sha shayi mai sukari, ya ce shi ta ƙofar gaba zai fita, ai ba sata ya yi ba. A baranda jiri ya ɗan ɗebe shi, sai wani mutum da ke zaune a benci ya tashi da sauri ya tare shi, ya zaunar da shi, ya sayo masa ruwa mai sanyi.

"Sannu, bawan Allah. Me ke damunka?"

"Ɗan jiri ne kawai. Kai fa, wa kake jinya?"

"Matata ce, gobe za a yi mata aiki. Jini muke nema an rasa, wai mutum ɗaya ne ke da irinsa, shi kuma ya ƙi."

Mahaucin ya ja hannun rigarsa ya rufe audugar da ke gwiwar hannunsa. Ya ce, "Allah zai kawo." Ya shanye ruwan ya yi godiya ya tafi.

An yi aikin, kuma abin da likitan ya ji wa tsoro ya faru. Jini ya ɓalle, ledar mai ɗinkin ta ƙare ana tsakiyar ɗinki, aka rataya ta biyu. Malama na tsaye a bakin ƙofar ɗakin tiyata har aka fito aka ce mata an shawo kansa. Jaririyar ta zo da shawara, ta yi kwanaki a ƙarƙashin fitila ta warware. Direban ya zo ɗakin gwaji ya tsaya yana murza hula, bakin da ya iya faɗa ya kasa ba da haƙuri. Ta ce, "Je ka ga 'yarka, ɗana, ka tare min haske."

Wannan labari ba daga bakinta ya fito ba, ko da wasa. Rabinsa direban ke ba duk wanda ya zauna kusa da shi a tasha. Ɗaya rabin mahaucin ne ya bayar da kansa da ya ji za ta yi ritaya, ya ce a rubuta har faɗuwar, a dai ɓoye sunansa.

Malama, ke ce kika ƙi yarda a ce ciwon ne haka. Ke ce kika bi gida-gida da sirinji ana yi miki kallon mai neman abin tsafi, kika jure har iyaye suka riƙa kawo miki 'ya'yansu da kansu. Ke ce kika durƙusar da iliminki gaban katakon yanka kika nemi gafara, alhali da yawa masu rabin karatunki ba su iya cewa sannu. Mai gani kafin ta saki, mai riƙon amanar jijiya! Muna alfahari da ke, ba kaɗan ba.

Bayan an yaye jaririyar, mai ɗinkin ta dawo ɗakin gwaji da ƙafarta. Ta ce ta yi ta tunani, in jinin kowa bai yi mata ba sai na mutumin nan, to shi wa zai ba shi? Malama ta ce shi ba a taɓa ƙara masa jini ba, amma in ta kama, nata ne zai fi masa aminci. Matar ta ce, "To ki riƙe lambata. Ko ina tsakiyar ɗinkin amarya ne, ki kira ni."

Malama ta kai wa mahaucin saƙon. Yana cikin sara ya tsaya, ya daɗe yana kallon wuƙar da hannun da ke riƙe da naman.

"Wato duk shekarun nan da nake wasa da ƙarfe, ba ni da kowa?"

"Yanzu kana da ita."

Ya juya baya ya daɗe yana gyara abin da bai lalace ba. Sannan ya yanko hanta mai kyau, ya ƙunshe, ya miƙo mata. "Ki kai mata. Ki ce ta riƙa ci sosai, kada ta zauna da yunwa a kan keken nan." Tun daga ranar Malama ta zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ba su san fuskar juna ba. Hanta na tafiya, wata rana kuma riga ta dawo, wadda aka ɗinka da ka, ba awo. Ta matse shi a kafaɗa, amma ita yake sawa duk ranar da zai je ba da jini, don yanzu da kansa yake zuwa, kuma har yau sai ya faɗi.

Mun gode, Malama. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba waɗanda kika horar haƙurinki. Ku kuma masu karatu, tafi ba ya cika leda. Ku je a gwada jininku, ku bayar in kuna da lafiya, ku bar lambarku a ɗakin gwaji. Masu tsoro su ma su zo, akwai gado, ana kuma kulle ƙofa. Wataƙila a garinku akwai mai kwance yau, an gwada na kowa an rasa, naku ne kaɗai ba a gwada ba.